Filin Tambaya da Amsa: Kwamfutar Gida da Take Ƙara Nauyi Kullum

Wasiƙu uku ne suka zo mana daga cikin Zariya a kan magana ɗaya, saboda haka muka haɗa su a wannan fitowa. Ta farko ce ta fi ɗaukar wuri, domin abin da ke cikinta ya shafi gidaje da yawa.

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin sakandare ne, ina zaune a Tudun Wada. Shekara huɗu ke nan da na sayi laftof ta hannu, irin wadda ake kira tokumbo, mai RAM gigabayit 4 da faifan ajiya gigabayit 500, da Windows 10 a kanta. Farkon zuwanta ba ta kai minti ɗaya take buɗewa, amma sannu a hankali ta riƙa yin nauyi, har ta kai yanzu ina kunna ta in fita in yi alwala in dawo ban tarar ta gama shiryawa ba. Sau biyu ina kai ta wurin mai gyara yana yi mata fomatin, takan yi sauƙi na 'yan makonni, daga nan sai ta koma gidan jiya. Yanzu ya ce mini tsufa ta yi, in nemi wata. Batirinta ya mutu tun bara, sai da caja take aiki, yara kuma suna yin kallo da ita a kan katifa. Sakamakon jarrabawar ɗalibaina da hotunan iyalina duk suna ciki. Shin da gaske ne ba ta da magani?

Daga wani malami, Tudun Wada, Zariya.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu taɓa batun sauri, akwai abin da ya fi gaggawa a wasiƙarka, shi ne sakamakon ɗalibai da hotunan iyali da ka ce suna ciki. Ina roƙonka yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka kwafe su zuwa filash ko faifan waje, sannan ka buɗe kaɗan daga cikinsu a wata kwamfuta domin ka tabbata sun kwafu lafiya. Nauyin da yake ƙaruwa a hankali yana cikin alamomin faifan da ya soma lalacewa, faifai kuwa ba ya yin sallama ranar da zai tsaya. Kwamfuta ana gyara ta, ana kuma sayen wata, amma hoton sunan ɗanka na fari idan ya tafi ya tafi ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar tsufa. Ban ce mai gyaranka ya cuce ka ba, amma cewa “ta tsufa” ba gano cuta ba ne. Furosesa, wato ɓangaren da yake yin lissafi a cikin kwamfuta, ba ya gajiya irin ta ɗan Adam. Muddin yana samun wutar da ta ishe shi kuma zafi bai yi masa yawa ba, gudun da yake yi ranar da aka ƙera shi, shi yake yi bayan shekara goma. Abin da yake canjawa shi ne yawan kayan da ake ɗora masa, da ƙurar da take toshe masa numfashi, da lafiyar faifan da yake jira ya miƙo masa bayanai. Fomatin kuwa tamkar mai zazzaɓi ne ya sha maganin rage zafin jiki ba tare da an gwada jininsa ba: zai ji sauƙi, amma bai san abin da yake damunsa ba. Duk da haka, abin da ya faru bayan fomatin ɗin ya gaya mana wani abu mai amfani. Sauƙin da ta samu ya nuna cewa tarin manhajoji yana da hannu a ciki, dawowar nauyin kuma cikin 'yan makonni ya nuna akwai wani abu a ƙarƙashi wanda goge Windows bai taɓa shi ba.

Tun da kai malami ne, bari in yi maka misali da aikinka. Lokacin da kake duba takardun jarrabawa, kai ne furosesa, teburin da ka baza takardun a kansa shi ne RAM, kabad ɗin ofis da ake ajiye sauran takardun shi ne faifan ajiya. Idan teburin ya cika kuma aka ci gaba da kawo maka takardu, dole ka riƙa tashi kana mayar da wasu cikin kabad kana ɗauko wasu, sai ya zama rabin lokacinka a kai-kawo yake tafiya. Haka Windows yake yi idan RAM ya cika: yakan kwashe abin da ba a buƙata nan take ya zuba a wani fayil a kan faifai, ya ɗebo shi idan an nema. To idan aka yi rashin sa'a ƙofar kabad ɗin ma tana cijewa, ka ga aiki ya tsaya ke nan, alhali malamin lafiyarsa ƙalau.

Saboda haka aikinmu na farko shi ne mu gano wanne ne daga cikin ukun nan ya ƙure, kuma ba sai ka biya kowa ko sisi ba, domin ma'aunin yana cikin kwamfutarka. Ka danne Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe. Idan ya fito ɗan ƙarami, ka danna More details a ƙasansa. Za ka ga jerin manhajojin da suke aiki, a samansu kuma akwai alƙaluma na kashi cikin ɗari a kan CPU da Memory da Disk, wato furosesa da RAM da faifai. Ka ɗauki takarda da biro ka rubuta alƙaluman nan sau uku: da zarar ta buɗe, sannan bayan minti goma ba ka taɓa komai ba, sannan a daidai lokacin da kake aikinka na yau da kullum kuma ka ji ta soma jan ƙafa. Idan ka danna kan kowanne daga cikin ukun, zai jero maka manhajojin daga wadda ta fi ci zuwa wadda ba ta kai ta ba, ka rubuta sunayen ukun farko. Gani ya kori ji, kuma wannan 'yar takarda ta fi duk wani hasashe da ni ko mai gyara za mu yi maka.

Idan Memory yana zaune a kashi 85 ko 90 cikin ɗari kana aikin da ka saba, teburin ne ya yi kaɗan. Gigabayit 4 ya ishi Windows 10 ya tashi, amma shi kansa da abubuwan da suke gudana a bayansa sukan cinye kusan rabi kafin ka buɗe komai, burauza irin Chrome kuma kowane shafi da ka buɗe yana yankar nasa rabon. Shafukan intanet da manhajoji sun ƙara kumbura a cikin shekarun nan, RAM ɗinka kuwa yana nan yadda ka saye shi, wannan ne ya sa nauyin ya zo da kaɗan kaɗan har ba ka iya cewa ga ranar da ya fara. A nan akwai abin da za ka yi kyauta. A cikin Task Manager ɗin ka shiga shafin Startup, za ka tarar da manhajojin da suke tashi tare da kwamfutar ba tare da ka kira su ba, kowace da bayanin nauyinta a gefe. Duk wadda ba ka buƙatarta tun daga buɗewa ka kashe ta a nan. Kashewar ba ta goge ta, tana nan duk sa'ad da ka neme ta. Manhajar tsaro da ta sauti kawai za ka ƙyale.

Idan kuma Disk ne ya maƙale a kashi 100 cikin ɗari na tsawon mintuna, alhali bayanan da ake karantawa ba su wuce megabayit ɗaya ko biyu a sakan ba, to mun zo inda nake zargi, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka. Faifan da yake cikin irin laftof ɗinka faranti ne na gaske yana juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da wani siririn hannu da yake shawagi a samansa yana karatu da rubutu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba ko kusa. Idan wani gurbi a kan farantin ya raunana, faifan ba ya haƙura nan take, yakan sake gwada karantawa sau da yawa, a duk tsawon wannan lokaci kuma kwamfutar tana tsaye tana jiransa. Da gurbi ɗaya ne ba za ka lura ba. Da suka zama ɗaruruwa, shi ne alwalar da kake yi ka dawo ba ta gama ba.

Abubuwa biyu a wasiƙarka suna ƙarfafa wannan zargi. Na farko batirin da ya mutu. Laftof mai rai a batirinta tana da kariya daga ɗaukewar wuta, taka kuwa duk sa'ad da aka ɗauke wuta, ko janareta ya yi tari, ko ƙafar yaro ta ja wayar caja, mutuwa take yi nan take, wataƙila a tsakiyar rubutu. Wannan yana rikita tsarin fayiloli, kuma maimaituwarsa ba alheri ba ce ga faifan. Na biyu yaran da suke ɗaukarta daga nan zuwa can tana kunne, domin girgiza da buguwa a lokacin da farantin yake juyawa suna cikin manyan abokan gabansa. Ka ƙara da cewa ta hannu ce, ba ka san shekara nawa faifan ya yi yana juyawa kafin ya iso Zariya ba.

Za ka iya sani kuwa. Kowane faifai yana riƙe da rajistar lafiyarsa da ake kira S.M.A.R.T., akwai kuma wata 'yar ƙaramar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, da take karanta wannan rajista. Idan ta nuna shuɗi, faifan bai kai ƙara ba tukuna. Idan ta nuna rawaya, gargaɗi ne cewa an soma samun gurabun da suka lalace. Idan ja ne, kada ka ƙara dogara da shi ko na kwana ɗaya. Tana kuma nuna jimillar awoyin da faifan ya yi a kunne tun da aka ƙera shi. Ka kuma kasa kunne kusa da jikin laftof ɗin a lokacin da gida ya yi shiru. Ƙarar ƙas-ƙas mai maimaituwa tare da sandarewar allo mummunar alama ce, ko da manhajar ta nuna shuɗi.

Ko da faifan ya fito lafiya, shawarata ita ce ka maye shi da SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya, kuma ina faɗin haka da ƙarfin gwiwa domin ban ga wani gyara ɗaya da yake farfaɗo da tsohuwar laftof kamarsa ba. SSD ba shi da faranti, ba shi da hannu, babu abin da yake motsi a cikinsa. Tsohon faifai yakan karanta kimanin megabayit 100 a sakan idan fayil babba ne a jere, SSD na SATA kuwa, wato irin mai shiga mahaɗar tsohon faifai, yakan kai 500. Amma ainihin bambancin yana wurin ƙananan fayilolin da suke warwatse, irin waɗanda Windows yake nema dubbai lokacin buɗewa: mai faranti yana biyan buƙatu kimanin ɗari a sakan, SSD yana biyan dubun-dubata. Mai inci biyu da rabi yana shiga daidai gurbin tsohon a yawancin laftof, gigabayit 256 kuma ya ishi aikin malami. Idan ka saya, ka sa a buɗe maka CrystalDiskInfo a gabanka ka duba awoyinsa, domin kada a ba ka wanda ya sha aiki da sunan sabo. Idan da hali ka ƙara RAM ya zama gigabayit 8, amma ka bari a duba irin wanda take ɗauka, domin nau'o'in RAM irin DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna.

Saura zafi, wanda mu mutanen Zariya ya kamata mu fi kowa kula da shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana shigo mana da ƙura mai laushi kamar gari, wadda kake share ta a kan teburi da safe ka tarar da ita da yamma, fankar laftof kuma tana zuƙar wannan iska duk tsawon lokacin da take kunne. Na taɓa buɗe wata laftof da ta shekara uku ba a kwance ta ba, sai na tarar tsakanin fankar da siraran haƙoran ƙarfen da iska take bi ta fita ƙura da zaren bargo sun haɗu sun dunƙule, na sa tsinke na ɗago su gaba ɗaya kamar guntun tsumma mai kaurin ɗan yatsa. Fankar tana ta juyi tana kuka, amma idan ka kara hannu a bakin mafitar da ƙyar za ka ji iska. Daga hunturu kuma sai a faɗa zafin Maris da Afrilu da wannan toshiya. Furosesa yana da dabarar kare kansa: idan zafinsa ya doshi digiri 100 sai ya rage gudu da kansa domin kada ya ƙone, mai kwamfuta kuma sai ya ga nauyi kawai.

Alamar wannan ita ce kwamfutar ta fara aiki da ƙarfinta da sanyin safiya, bayan minti goma sha biyar ko ashirin ta soma nauyi, ƙasanta ya yi zafi, fanka ta riƙa ƙara. Katifar da yara suke ɗora ta a kai tana rufe ƙofofin shan iska da suke ƙasanta, haka ma darduma da filo da cinya mai babbar riga. Ka sama mata katako ko faranti mai faɗi, ka ɗan ɗaga bayanta. A shafin Performance na Task Manager akwai inda ake nuna gudun furosesa. Idan kana aiki mai nauyi amma gudun ya faɗi ƙasa sosai da wanda aka rubuta a jikin sunansa, ana riƙe shi ne. Manhaja irin Core Temp za ta nuna maka zafin, kuma duk laftof ɗin da take haura digiri 90 a aikin rubutu da kallo tana buƙatar a buɗe ta. Ka kai wa wanda ya iya, ka ce a cire fankar a share bayanta, ba a hura iska daga waje kawai ba, a kuma goge busasshen man da yake tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya a shafa sabo. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce, ya wadatar.

Akwai ƙananan abubuwa biyu. Idan sandar da take nuna cikar faifan C, wato wanda Windows yake kansa, ta zama ja, wurin da ya rage bai kai kashi goma cikin ɗari ba, ka kwashe finafinan yara zuwa waje. Sannan ka riƙa danna Restart aƙalla sau ɗaya a mako, domin tun daga Windows 8 akwai tsarin saurin buɗewa da yake sa Shut down ya adana wani ɓangare na abin da yake gudana maimakon ya share shi.

Abu na ƙarshe ba na sauri ba ne, na tsaro ne. Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma yana da sharuɗɗa, ciki har da TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ake ƙera kwamfuta da shi, waɗanda tsofaffin laftof da yawa ba su cika ba. Idan taka tana cikinsu, akwai Linux Mint da ake sawa a madadin Windows, kyauta ne, ba shi da nauyi, yana kuma yin rubutu da lissafin maki da shiga intanet. Amma ka fara da takardar alƙaluman nan, ka kuma sayi batir idan ana samun irin nata. Idan ka aiko mana da abin da ka rubuta, za mu duba tare.

TAMBAYA

Salamu alaikum. Kwamfutar teburi ce muke da ita a gida, ina yin lissafin ɗan kasuwancina da ita. Ɗana ya sa mata manhajojin kashe bairos har uku, da wata da ya ce tana wanke kwamfuta ta ƙara mata gudu, amma tun daga nan sai abin ya ƙaru. Kuma duk filash ɗin da na kai shagon buga takardu na dawo da shi, sai in ga foldojina sun koma wasu alamomi masu 'yar kibiya. Me ya kamata in yi?

Daga wata Hajiya, Sabon Gari, Zariya.

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ɗanki alheri ya nufa, amma masu gadi uku a ƙofa ɗaya aikin juna suke ɓatawa. Manhajar tsaro tana bincika kowane fayil a lokacin da ake buɗe shi, saboda haka idan uku ne, fayil ɗaya sai an bincika shi sau uku, wani lokaci ma kowace tana tuhumar 'yar'uwarta. A cire su a bar ɗaya. Idan Windows 10 ko 11 ne a kan kwamfutar, akwai Microsoft Defender da yake zuwa a cikinsa, yakan koma bakin aiki da kansa idan aka cire sauran, kuma ya ishi kwamfutar gida muddin ana barin ta ta shiga intanet ta sabunta shi. Ita ma mai wankin a cire ta. Irin waɗannan sukan nuna dubban “kurakurai” da jan rubutu domin su tsorata mutum ya biya kuɗi, Microsoft kanta kuma ba ta goyon bayan amfani da manhajojin share rajistar Windows.

Batun filash kuwa bairos ne sananne, mai yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta a wuraren da mutane da yawa suke soka filash a na'ura ɗaya. Ki kwantar da hankalinki, galibi ba ya goge fayiloli, ɓoye su yake yi ya ajiye alamomin nan masu kibiya a madadinsu, domin duk wanda ya danna ɗaya ya tayar da shi a kwamfutarsa. Kada ki ƙara danna su. Tun da kin riga kin soka filash ɗin a gida, mu ɗauka ya shiga, kuma yana iya zama cikin abin da yake jawo nauyin. Ki sa ɗanki ya shiga Windows Security ya zaɓi binciken da ake kira Offline scan, wanda yake sake kunna kwamfutar ya bincika ta kafin Windows ya tashi, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Bayan haka a bincika filash ɗin, a umarci kwamfutar ta nuna ɓoyayyun fayiloli, a kwashe naki, sannan a yi wa filash ɗin fomatin. Nan gaba ki ware filash ɗaya na kai bugu kaɗai, wanda ba ya ɗauke da komai sai takardar da za a buga.

Ki kuma tambayi ɗanki, cikin lallashi, ko ya sa wasanni ko manhajojin da aka fasa makullinsu. Da yawa daga cikinsu suna zuwa da ɓoyayyen baƙo da yake amfani da furosesan mutum yana haƙa wa wani kuɗin intanet. Alamarsa ita ce fanka tana ƙara kuma CPU yana sama alhali babu wanda yake aiki da kwamfutar. Tun da lissafin kasuwanci ne a ciki, ki buɗe wa yaran asusunsu daban wanda ba shi da ikon sa sabuwar manhaja, naki kuma ki sa masa kalmar sirri.

TAMBAYA

Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ahmadu Bello. Cajar laftof ɗina ta ƙone na sayi wata a kasuwa, tana kawo wuta, amma tun daga lokacin laftof ɗin ta zama kamar hawainiya, batirin ma ba ya cika. Ko bairos ne?

Daga wani ɗalibi, Samaru.

AMSA

Ƙanena, nauyinka ya bambanta da na Malam da na Hajiya, domin kai ka san ranar da ya fara, kuma duk nauyin da ya zo rana ɗaya ana neman dalilinsa ne a cikin abin da ya canja a ranar. Laftof da yawa na Dell da HP suna da wani siririn tsinke a tsakiyar bakin caja, ta nan suke gane ƙarfin cajar da aka soka musu. Idan ba su gane ta ba, ko ƙarfinta bai kai abin da suke buƙata ba, sai su rage gudun furosesa, wasu kuma su ƙi cajin batir, domin kare kansu da cajar. Wasu sukan nuna gargaɗi a kan baƙin allo lokacin kunnawa, mutane su danna su wuce ba su karanta ba.

Gwajin ba shi da wuya. Ka buɗe shafin Performance a Task Manager, ka duba gudun furosesa da cajar a jiki. Idan ya maƙale ƙasa da gigahaz ɗaya, misali 0.79, duk abin da ka buɗe bai motsa ba, ka ari caja ta asali mai irin bakin taka daga wani abokinka ka sake dubawa. Idan gudun ya tashi, ka gama bincike. Ka juya laftof ɗin ka karanta abin da aka rubuta a ƙasanta ko a jikin tsohuwar cajar, za ka ga bolt da wat ɗin da take buƙata, sau da yawa bolt 19.5 da wat 65 ko 90. Bolt dole ya zo daidai, wat kuma ya kai wannan adadi ko ya ɗara, kada ya gaza. Ranar da za ka koma kasuwa ka tafi da laftof ɗin, a soka cajar a gabanka, ka ga alamar batir tana hawa kuma gudun furosesa ya koma yadda yake kafin ka miƙa kuɗi.